Dalilan Tsadar Akwatunan Wasan Bidiyo a Wannan Zamani

Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara sayar da akwatunan wasan bidiyo, watau na'urorin nan da ake jona wa talabijin a riƙa wasan ƙwallo ko tseren mota, akwai wata al'ada da masu saye suka saba da ita. Sabon akwati yakan fito da tsada, amma duk wanda ya yi haƙurin shekara biyu ko uku sai ya same shi da rahusa. Alal misali, PlayStation 2 na kamfanin Sony ya shiga kasuwar Amurka a shekarar 2000 a kan dala 299. A 2002 ya koma dala 199, a 2009 kuwa har ya sauko dala 99.

PlayStation 5 ya karya wannan al'ada. An fito da shi a watan Nuwamba na 2020 a kan dala 500, amma a watan Agusta na 2025, bayan ya kusa shekara biyar a kasuwa, sai aka mayar da shi dala 550 a Amurka. Kishiyarsa, Xbox Series X na kamfanin Microsoft, shi ma ya fara da dala 500 a 2020, ya koma 600 a watan Mayu na 2025, sa'an nan 650 a watan Oktoba na wannan shekara. Hatta Switch na kamfanin Nintendo, wanda ya fito tun 2017 a kan dala 300, an ƙara masa dala 40 a 2025, yana da shekara takwas a duniya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan zancen wasan yara ne. To amma kayan da ke cikin akwatin wasa su ne a cikin wayar salula da kwamfutar makaranta da na'urorin asibiti. Saboda haka duk wanda ya gane abin da ya sa akwatin wasa ya yi tsada, ya gane abin da ke juya farashin kusan dukkan kayan lantarki.

Abin da ke Cikin Akwatin

Akwatin wasa kwamfuta ce da aka keɓe wa aiki guda. Idan aka kwance shi za a tarar da fanka, da sashen rarraba wuta, da allo mai ɗauke da guntayen silikon, waɗanda masu gyaran waya ke kira aisi. Uku daga cikin kayan nan su ke cinye mafi yawan kuɗin ƙira.

Na farko shi ne babban guntu, wanda ke yin lissafi yana kuma zana hoton da ake gani a talabijin, sau 30 ko 60 ko ma fiye a cikin daƙiƙa ɗaya. Na PlayStation 5 da na Xbox kamfanin AMD na Amurka ne ya tsara su, kamfanin TSMC na Taiwan kuma ya ƙera. Na Switch 2 kuwa kamfanin Nvidia ne ya tsara shi.

Na biyu shi ne ma'ajiyar dindindin, inda wasanni ke zaune ko da an kashe wuta. Na uku shi ne ma'adanar wucin gadi, wadda masana ke kira DRAM. Bambancinsu kamar na rumbu da ƙwarya ne: rumbu yana riƙe da hatsin shekara, ƙwarya kuwa tana ɗauke da wanda aka auno domin girkin yanzu. Babban guntu ba ya jiran a je rumbu a dawo, sai dai ya ɗiba daga abin da ke kusa da shi, don haka gwargwadon girman ma'adanar wucin gadi, gwargwadon faɗi da kyan abin da wasa zai iya nunawa.

Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ne ya ƙago DRAM, aka kuma ba shi takardar mallakar fasahar a 1968. Kowane ɗaki a cikinta ya ƙunshi transista ɗaya da kafasita ɗaya. Idan kafasita tana riƙe da caji, ana karanta 1. Idan babu, ana karanta 0. Da yake cajin yakan tsiyaye, dole a riƙa sabunta shi sau da dama a kowace daƙiƙa, kuma wannan ne dalilin da ya sa kome ke gogewa da zarar an ɗauke wuta.

Buƙatar wannan ma'adana ta haɓaka ƙwarai da gaske. Atari 2600 na 1977 yana da bait 128 kacal. PlayStation na farko, na 1994, yana da megabait 2 a babbar ma'adanarsa. PlayStation 5 yana da gigabait 16, watau ya ninka na 1994 fiye da sau 8,000, kuma wannan na nufin ɗakuna sama da biliyan 137.

Me Ya Sa Farashi Yake Sauka a Da?

Ana ƙera guntaye a kan wani faifan silikon mai faɗin milimita 300. Akan shafa wa faifan sinadari mai jin haske, a haska masa zanen da ake so, a wanke, a zuba wasu sinadarai, a sake maimaitawa hawa bisa hawa. Faifai ɗaya yakan yi kimanin wata uku a masana'anta kafin a yanka shi gunduwa-gunduwa.

Ɗalibin lissafi zai iya gano sirrin arahar da kansa. Filin faifan ya kai kimanin murabba'in milimita 70,700. Idan guntu ɗaya ya cinye murabba'in milimita 300, faifan zai ba da kimanin 235, kafin a cire waɗanda suka faɗa a gefe. Idan aka ƙanƙantar da guntun ya koma 150, za a sami kimanin 470. Muddin kuɗin sarrafa faifan bai canza sosai ba, kuɗin kowane guntu ya ragu da rabi ke nan.

Har ila yau akwai batun aibu. Ƙwayar ƙura guda tana iya lalata guntu sukutum, kuma babban guntu ya fi ƙarami saurin gamuwa da aibu. Shi ya sa injiniyoyi ke yin wata dabara. Guntun Cell na PlayStation 3 yana da ƙananan sassan lissafi guda 8, amma 7 kaɗai aka buɗe, domin idan ɗaya ya fito da aibu kada a jefar da guntun baki ɗaya.

A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa yawan transistocin da ake iya cusawa a guntu ɗaya yana ninkawa kowace shekara. A 1975 ya gyara hasashen zuwa kowace shekara biyu. Wannan shi ake kira Dokar Moore, ko da yake lura ce da yadda sana'a ke tafiya, ba dokar halitta irin ta Newton ba. Guntun Intel 4004 na 1971 yana da transista 2,300. Na PlayStation 5 yana da kimanin biliyan 10.

Masu ƙera akwatin wasa sun daɗe suna cin moriyar wannan. Guntun Cell ya fara a ma'aunin nanomita 90, ya koma 65, sa'an nan 45. Nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Ƙaramin guntu ba ya shan wuta da yawa, ba ya zafi sosai, don haka fanka da sashen wuta da ma kwalin akwatin duk sai su ƙanƙance. Ta haka ne PlayStation 3 ya sauko dala 299 a 2009.

Da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Akwai wani abu a kasuwar nan da ke ba mutane mamaki: sau da yawa kamfani yakan sayar da akwatinsa ƙasa da kuɗin da ya kashe wajen ƙera shi. Lokacin da PlayStation 3 ya fito a watan Nuwamba na 2006, kamfanin bincike na iSuppli ya kwance shi ya ƙiyasta cewa samfurin da ake sayarwa dala 599 ya ci kimanin dala 840, mai dala 499 kuma ya ci kimanin 806. A 2021 wata jami'ar Microsoft, Lori Wright, ta shaida wa wata kotu a Amurka cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da akwatin Xbox shi kansa ba. A 2022 shugaban sashen Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya bayyana cewa suna faɗuwar dala 100 zuwa 200 a kan kowane akwati.

Hikimar ita ce, wanda ya sayi akwati ya ɗaure kansa da sayen wasannin da ke aiki a kansa. Mai akwatin yakan karɓi kimanin kashi 30 cikin ɗari na kuɗin duk wasan da aka saya a shagonsa na intanet, ban da kuɗin wata-wata da 'yan wasa ke biya domin karawa da juna ta intanet, ban da ribar abin riƙo da sauran tarkace. Kamfani yana zuba ruwan cikinsa tun farko da fatan jawo na rijiya.

Tarihi ya nuna cewa kuskuren farashi yana iya kassara kamfani. A 1993 an fito da akwatin 3DO a kan dala 700. Kamfanin da ya tsara shi ya bar wa wasu, irin su Panasonic, aikin ƙerawa, su kuwa dole su nemi ribarsu a jikin akwatin. Jama'a suka ƙaurace masa, cikin 'yan shekaru ya ɓace. A wajen baje kolin E3 na 1995, kamfanin Sega ya sanar da cewa akwatinsa Saturn zai ci dala 399. Jami'in Sony, Steve Race, ya hau mumbari ya ambaci lamba 299 kawai, ya sauka. PlayStation ya yi wa Saturn fintinkau, kuma a 2001 Sega ya daina ƙera akwatuna gaba ɗaya.

Nintendo ma ya ɗanɗana. Ya fito da na'urar hannu ta 3DS a farkon 2011 a kan dala 250, ciniki ya ƙi tafiya, sai ya rage ta zuwa 170 a watan Agusta na shekarar. Shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya zabtare rabin albashinsa domin ɗaukar alhakin abin da ya faru. Sony kuwa ya sayar da PlayStation 2 sama da miliyan 155, amma PlayStation 3 mai tsada bai kai miliyan 90 ba.

Inda Tsohuwar Hanya ta Toshe

Dabarar sayarwa da faɗuwa tana tafiya daidai ne idan akwai tabbacin cewa kuɗin ƙira zai sauka nan gaba. Wannan tabbaci shi ne ya raunana. Har yanzu ana ƙanƙantar da transista, amma kuɗin sarrafa kowane faifai yana tashi da sauri, har ya kusa cinye ribar da ƙanƙantawar ke kawowa.

Dalili na kimiyya shi ne, ba a iya zana layi siriri da alƙalami mai kauri. Hasken da aka daɗe ana amfani da shi yana da tsawon zango na nanomita 193. Domin zanen da ya fi haka ƙanƙanta sosai, sai aka koma ga wani haske mai nanomita 13.5. Ana samar da shi ne ta hanyar harbin ɗigon narkakkiyar kuza da hasken lesa, sau 50,000 a daƙiƙa. Iska da gilashi duk suna shanye wannan haske, don haka dole a yi aikin a wurin da aka zuƙe iska, a kuma juya hasken da madubai na musamman waɗanda kamfanin Zeiss na Jamus ke yi. Kamfani ɗaya tak a duniya ke haɗa wannan inji, watau ASML na ƙasar Holan, kuma kowane guda ya haura dala miliyan 150. Sabuwar masana'anta takan ci biliyoyin daloli da shekaru kafin ta fitar da guntu ko ɗaya. TSMC ya sanar da gina masana'anta ta dala biliyan 12 a jihar Arizona ta Amurka a 2020, amma sai da aka shafe fiye da shekara huɗu kafin ta fara fitar da kaya.

Sakamakon haka, lokacin da Sony ya mayar da guntun PlayStation 5 daga ma'aunin nanomita 7 zuwa 6 a 2022, ragin da aka samu ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na zamanin Cell. A wannan shekarar ma, maimakon ragi, sai ya ƙara farashi a Turai da Japan da wasu ƙasashe. A Turai akwatin ya tashi daga yuro 500 zuwa 550.

Rububin Ma'adana

Kamfanoni uku ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar DRAM ta duniya: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Kasuwar da 'yan ƙalilan ke riƙe da ita kuwa, abu kaɗan ke girgiza ta. A 1988 ƙarancin guntayen ma'adana ya sa Nintendo ya jinkirta fitar da wasu wasanninsa a Amurka. Girgizar ƙasar Taiwan ta Satumban 1999, da gobarar masana'antar SK hynix da ke Wuxi a ƙasar Sin a Satumban 2013, duk sun tayar da farashin DRAM. Amma waɗannan hatsarori ne da suka zo suka wuce.

Abin da ya faru a 2025 ya sha bamban. A 2022 da 2023 ma'adana ta yi kwantai, farashi ya faɗi, masu ƙerawa suka tafka hasara har suka rage aiki. Ana cikin haka sai manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, manyan kamfanoni suka shiga tseren gina cibiyoyin sarrafa bayanai domin ƙirƙirarriyar basira. Irin waɗannan cibiyoyi suna buƙatar wata ma'adana mai suna HBM, wadda ake yi ta hanyar ɗora guntayen DRAM 8 ko 12 a kan juna kamar bene, a huda su da ƙananan ramuka da wuta ke bi, domin bayanai su riƙa gudu da sauri matuƙa.

Guntun H100 na Nvidia guda ɗaya yana ɗauke da gigabait 80 na wannan ma'adana, daidai da na PlayStation 5 guda biyar. Akan haɗa 8 a kwamfuta ɗaya, watau na akwati 40 ke nan, kuma cibiya ɗaya tana iya ɗaukar dubban irin waɗannan kwamfutoci. Bugu da ƙari, kamfanin Micron ya bayyana cewa gigabait ɗaya na HBM yana cinye filin faifai kimanin ninki uku na abin da DRAM ta yau da kullum ke ci. Kuɗin H100 ɗaya ya haura dala 20,000, saboda haka mai sayensa ba ya jin ciwon ƙarin kuɗin ma'adana kamar yadda mai ƙera akwatin dala 500 zai ji. Ɗan kasuwa kuwa wurin mai tayi da tsoka yake karkata.

A watan Oktoba na 2025 kamfanin OpenAI ya ƙulla yarjejeniyar farko da Samsung da SK hynix, inda aka ambaci buƙatar da za ta iya kai faifai 900,000 a wata. Tsakanin Satumba da Disamba na wannan shekara farashin ma'adanar kwamfuta a shaguna ya ninka biyu, wani iri ma uku ko fiye. A watan Disamba Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun jama'a ma'adana mai tambarin Crucial, domin ya fuskanci manyan cibiyoyi.

Canjin Kuɗi da Harajin Fito

Ana cinikin guntaye da dalar Amurka, alhali Sony da Nintendo kamfanonin Japan ne. A 2020 dala ɗaya tana kusan yen 105. A tsakiyar 2024 ta haura yen 160. Kowane guntu ya ƙara tsada ke nan a Japan ko da mai sayarwa bai ƙara ko sisi ba. Wannan ya sa Nintendo ya yi wa Switch 2 farashi biyu a gida a 2025: mai harshen Japananci kaɗai yen 49,980, mai harsuna da yawa yen 69,980. Manufar ita ce a sassauta wa 'yan ƙasa ba tare da 'yan kasuwa sun kwashe mai arahar zuwa waje ba.

Sai kuma haraji. Ranar 2 ga Afrilu, 2025, ranar da Nintendo ya bayyana cewa Switch 2 zai ci dala 450, gwamnatin Amurka ta sanar da sabon harajin shigo da kaya, ciki har da kashi 46 cikin ɗari a kan Biyetnam da kashi 49 a kan Kambodiya, ƙasashen da ake haɗa akwatunan Nintendo da yawa. Kamfanin ya ɗage ranar fara karɓar oda a Amurka daga 9 zuwa 24 ga Afrilu. Daga ƙarshe ya bar akwatin a kan 450, ya ɗora ƙari a kan abin riƙo da sauran tarkace. Akwatin ya fito ranar 5 ga Yuni, aka kuma sayar da miliyan uku da rabi a kwana huɗu.

Lissafin da ke Gaban Kamfani

Ga wani misali na ƙaddarawa, wanda malami zai iya bai wa ɗalibai a aji. A ƙaddara kamfani yana kashe dala 500 a kan kowane akwati, yana kuma sayar da shi dala 500. A ƙaddara ma'adanar da ke ciki tana cin dala 60, sai ta tashi ta koma 150. Faɗuwar dala 90 ke nan a kan kowane akwati. Idan yana sayar da miliyan 15 a shekara, hasarar ta kai dala biliyan 1 da miliyan 350. Idan rabonsa a wasan dala 70 shi ne dala 21, to sai kowane mai saye ya ƙara sayen wasa biyar a kan abin da ya saba kafin a cike giɓin.

Hanyoyin da suka rage wa irin wannan kamfani guda huɗu ne, kuma kowace an taɓa bin ta. Yana iya haɗiye hasarar, kamar yadda Sony ya yi a 2006. Yana iya ƙara farashi, kamar yadda aka gani a 2022 da 2025, amma da hatsarin raguwar masu saye, wanda kuma zai rage cinikin wasanni. Yana iya rage kayan ciki: a 2007 Sony ya cire guntayen da ke ba PlayStation 3 damar kunna wasannin PlayStation 2, ya sayar da sabon samfurin dala 399, a 2025 kuma ya rage ma'ajiyar wani samfurin PlayStation 5 a Turai daga gigabait 1,000 zuwa 825 ba tare da rage kuɗi ba. Ta huɗu ita ce jinkiri. Kamfanin Valve ya sanar da na'urarsa Steam Machine a watan Nuwamba na 2025 ba tare da ambaton farashi ba, ya kuma nuna cewa za a yi mata kuɗi irin na kwamfuta, ba da faɗuwa ba. A watan Fabrairu na 2026 ya bayyana cewa ƙarancin ma'adana ya tilasta masa sake duba farashi da lokacin fitarwa. Matsalar Valve ta fi ta saura sarƙaƙiya, domin na'urarsa buɗaɗɗiyar kwamfuta ce, wadda mutum zai iya saye ya yi aikin ofis da ita bai sayi wasa ko ɗaya ba.

Ya kamata kuma a yi adalci wajen kwatanta farashin da da na yanzu. Saboda hauhawar farashi a Amurka, dala 299 ta 1995 ta haura dala 600 a kuɗin 2025, dala 199 da aka sayi Atari 2600 a 1977 kuwa ta haura 1,000. Akwatin wannan zamani bai fi na iyaye tsada ba a ranar fitowarsa. Abin da ya ɓace shi ne rahusar da ke biyo baya, wadda ita ce ƙofar da masu ƙaramin ƙarfi ke shiga.

Yadda Abin ke Isowa Ƙasar Hausa

A Kano da Kaduna da Zariya da sauran birane, matasa da yawa a gidajen gem suke haɗuwa da waɗannan akwatuna, inda ake biyan kuɗi a buga wasan ƙwallo. Mai gidan gem ɗan kasuwa ne, akwatin kuma jarinsa ne, kuma shi nauyi biyu ke hawa kansa. A watan Nuwamba na 2020 dala tana kusan naira 380 a farashin gwamnati, don haka akwatin dala 500 ya kama kimanin naira 190,000. A watan Agusta na 2025 dala tana kusan naira 1,530, akwatin dala 550 ya kama kimanin naira 840,000, tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar dillali. Ƙarin da aka yi a dala kashi 10 ne cikin ɗari, amma a naira kuɗin ya ninka fiye da sau huɗu. A 2020 albashi mafi ƙanƙanta naira 30,000 ne, watau akwatin ya ci albashin wata shida da 'yan kwanaki. A 2025, da albashin ya koma 70,000, ya ci na wata goma sha biyu.

A Jamhuriyar Nijar lamarin ya ɗan bambanta, domin sefa a ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Ƙarin da aka yi a Turai a 2022 ya mayar da akwatin daga kimanin jika 328 zuwa jika 361. Waɗannan ƙasashe biyu maƙwabta kyakkyawan darasi ne ga ɗalibin tattalin arziki game da tasirin canjin kuɗi a kan kayan da ake shigowa da su.

Idan sabo ya ƙi sauka, na hannu ma ba ya sauka, domin masu shi ba sa gaggawar rabuwa da shi. Wannan ya ƙara wa sana'ar gyara daraja. Matashin da ya iya sauya fanka, ya share ƙura, ya gyara sashen wuta, yana tsawaita ran na'urar da maye gurbinta ya yi wuya.

Kammalawa

Farashin akwatin wasa ya dogara ne a kan girman guntu da yawan masu aibu a faifai, da kuɗin injin da ke zana su, da yawan masu rububin ma'adana, da darajar kuɗin ƙasa, da haraji, da kuma yawan wasannin da kamfani ke sa ran mai saye zai saya. Shekaru kusan arba'in abu na farko ya rinjayi saura, shi ya sa farashi ke sauka. Daga 2020 zuwa 2025 sauran suka taru suka rinjaye shi.

Kasuwar DRAM ta saba hawa da sauka: tsada takan sa a gina sababbin masana'antu, kaya su yawaita, farashi ya faɗi, kamar yadda ya faru a 2023. Sai dai gina masana'anta aikin shekaru ne, kuma wannan ne ya sa sauƙi kan yi jinkirin zuwa. Makarantar da ke shirin sayen kwamfutoci domin ɗakin gwaji ya kamata ta tuna cewa ma'adanar da ke cikinsu daga masana'antun nan uku mafi yawanta ke fitowa, ta kuma binciki farashin kasuwa na ranar kafin ta rubuta kasafinta. Ɗalibi kuwa yana iya ɗaukar alƙaluman da suka gabata ya sake lissafa su da farashin dala na yau, ya ga inda suka kai.